Ga Zaƙi Ga Harbi: Me Ya Sa Suka Yi Fushi da Ƙarshen Labarinki?

Wata ƙanwata marubuciya ce daga Jidda ta aiko da wannan tambaya: "Anti, barka da war haka. Akwai wani dogon shirin Turkiyya da muka bi wata da watanni. Aka ƙare shi jirgin ruwan da mijin yake ciki ya nutse, ba a ga gawa ba, aka bar matar tana kallon teku. Abin ya tsaya mini a rai, sai na ɗauki mutanen na mayar da su Hausawan Jidda, na ci gaba da labarin har babi 60. Na raya mijin, ya dawo bayan shekara 7, ya tarar ta yi aure har da 'yar ƙaramar yarinya. A babin ƙarshe suka gana a gaban sabon mijin, suka yafi juna, ya sa wa yarinyar albarka ya tafi. Wasu sun ce sun yi kuka sun gode, amma mafi yawa sun yi mini ca, har da mai Allah ya isa. Laifi na yi? In sake ƙarshen?"

Barka kadai, ƙanwata. Na karanta duk babi 60 ɗin cikin dare uku, na ƙarshen kuma sau biyu na karanta shi. Kada ki taɓa shi. Shi ne mafi kyawun abin da kika rubuta a labarin nan. Amma masu fushin ma suna da gaskiyarsu, kuma gaskiyar tasu tana can baya, tun daga babin farko. Sai kin yi haƙuri da ni, don maganar tana da tsawo.

Irin rubutun nan da kika yi, Turawa suna ce masa fanfikshin. Ni tun da na fara duba wa 'yan mata rubutu nake kiransa labarin ɗori, kuma ina son sunan saboda ya ci gida biyu. Kin ɗora naki a kan na wani, wannan ɗaya. Na biyu kuwa ɗori irin na mai karaya. Mafi yawan masu neman irin wannan labari da karaya suke zuwa. Wani marubuci can ya karya musu wani abu, ya kashe wanda suke so ko ya raba waɗanda suka daɗe suna jiran haɗuwarsu, sai su taho wurinki suna ɗingishi. A nan labarin ɗori ya bambanta da littafin da mutum ya ƙago tun daga tushe. Mai buɗe sabon littafi baƙo ne, duk inda aka kai shi zai bi. Mai buɗe labarin ɗori kuwa ya riga ya san mutanen, ya riga ya yi musu kuka sau ɗaya, abin da ya kawo shi kawai shi ne a gyara. In ya ji kin kama wurin ciwon kin sake murɗawa, dole ya yi ihu, ko da murɗawar ita ce maganin.

Ɗora wa aikin wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ishiriniyar da iyayenmu suke rerawa ta Alfazazi ce, mutumin Andalus, amma yadda muka san ta da tahamisin Ibn Mahib take tafe: kowane baiti mai ɗango biyu an ƙara masa uku a gaba ya zama biyar. Ki lura da inda mai tahamisi yake tsayawa. Shi ne a gaba, amma rufewar ta mai asalin waƙar ce, dole ya kai kansa ga amsa-amon da aka riga aka ajiye masa. Mai labarin ɗori an juya masa abin. Farkon na wani ne, mutanen na wani ne, ƙarshen ne kaɗai nasa. Shi ya sa duk nauyin yake taruwa a babin ƙarshe, kuma shi ya sa rigimar ƙarshen labari ta fi zafi a wannan fage fiye da ko'ina.

Rigimar kuma ta girme mu duka. A Ingila, a 1681, wani marubuci mai suna Nahum Tate ya ɗauki wasan King Lear na Shakespeare, wanda 'yar sarkin ta ƙarama take mutuwa a ƙarshensa, ya raya ta har ya yi mata aure. Wannan gyararren shi aka yi ta nunawa a dandalin wasa fiye da shekara 150, sai a 1838 aka dawo da ainihin rubutun. Wanda ya fi kama da naki shi ne na Samuel Richardson. Labarinsa Clarissa ya fito kashi-kashi tsakanin 1747 da 1748, masu karatu suka hango zai kashe yarinyar, suka dinga aika masa wasiƙu suna roƙo. Wata mata, Lady Bradshaigh, ta fi kowa naci. Ya ƙi. 'Yar uwarta Lady Echlin ta zauna ta rubuta nata ƙarshen da hannunta. Kin ga ke nan abin da ya sa ki ɗaukar alƙalami shi ya sa ta, abin da kuma ake yi miki yau shi aka yi wa Richardson.

Sai dai fushin masu karatunmu yana da wata saiwa da ta fi wannan nisa cikin ƙasa. A wurin Bahaushe ƙarshen labari hukunci ne. Tun muna gaban kaka a tsakar gida muka saba: 'yar mowa mai rashin kunya ta kwaso kutare da kunamu, 'yar bora mai ladabi ta dawo da dukiya, sannan a ce ƙurunƙus. Muka girma da "mahaƙurci mawadaci" da "bayan wuya sai daɗi". Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun tsakiyar shekarun 1980 a kan wannan turba mafi yawansu suka tafi, na waya ma da suka gaje su haka. Jaruma ta sha wuyar kishiya da uwar miji har littafi na uku, a ƙarshe makirci ya tonu, muguwa ta haukace ko ta zo tana neman gafara. Mai karatu yana lissafi a ransa kamar mai bin bashi: ta yi haƙuri kaza, to ina ladan? In aka rufe littafi ba a biya ba, abin da yake ji ya wuce baƙin ciki, ji yake an yi zalunci a gabansa. Wadda ta yi miki Allah ya isa daga nan ta ɗauko ta. A wurinta kin zama alƙalin da ya danne wa mai haƙuri haƙƙinsa. Mijin nan ya sha wuyar shekara 7, ya riƙe amana, ya dawo, kika sallame shi hannu rabbana.

Akwai wani abu da mu mazauna Saudiyya muke gani wanda na gida ba sa gani. Sau nawa kika karanta littafin da aka rufe da "bayan shekara biyar", ga tagwaye, ga iyali duka sun zo Umara, an tsaya gaban Ka'aba ana hawayen godiya? A Kano ko Damagaram nan ne ƙurewar daɗi, daga nan sai tammat bi hamdillah. Mu kuwa da aka haifa a unguwannin Makka irin su Shara Mansur ko Misfala mun san rayuwa ba ta tsayawa don an iso Makka. Washegari akwai kuɗin haya, akwai sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, akwai wanda aka yi wa tarhil, wato aka kore shi zuwa ƙasarsu, aka bar matarsa da yara. Ina jin wannan yana cikin abin da ya sa hannunki ya ƙi rubuta wancan ƙarshen. Kin zauna a wurin da labaran wasu suke ƙarewa, kin ga ana ci gaba da kwana ana tashi.

To amma ki tuna su wa suke karanta ki. Da yawansu matan da suke aiki a gidajen mutane ne, sai bayan sha biyun dare suke samun kansu, su kwanta da waya a hannu. Akwai wadda ta bar ɗanta yana rarrafe, yanzu yana makarantar firamare, ba ta san tsawonsa ba sai a hoto. Akwai wadda ita kanta ba ta san a wace ƙasa mijinta yake ba. Irin wannan mata ba ta rasa rabuwa ba balle ki koya mata. Minti ashirin take nema a duniyar da wanda ya tafi yake dawowa ya tarar da ɗakinsa yadda ya bar shi. Ba na yarda a raina wannan buƙata, kuma raina yana ɓaci in na ji marubuci yana cewa masu son ƙarshe mai daɗi ba su waye ba. Wanda ya wuni yana shan maɗaci in ya nemi zuma da dare bai yi abin kunya ba.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, in kin bincika waɗanda suka gode miki, za ki tarar daga cikin matan nan suka fito. Ciwo ɗaya ne, bukata biyu. Wata so take a mantar da ita, wata so take a ce mata an gani. Ta biyun in aka ba ta labarin da komai ya koma daidai, rufewa take ta ji ta ƙara zama ita kaɗai, don ta san nata ba zai koma ba. Amma da ta ga matar nan taki ta rasa wanda take so kuma ta ci gaba da zama mutum, tana shayar da 'yarta, tana girmama mijinta, sai ta ji an yi magana da ita. Kuma mace ɗaya takan zama wannan yau, gobe ta zama waccan.

Kada kowa ya ce miki zaƙi da ɗaci a kwano ɗaya ɗabi'ar Turawa ce. Ki koma ga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga littattafan da gasar rubutun Hausa ta farko ta haifar a wajen 1934. Uwa ta bi ɗanta ta ƙetare hamada, ta faɗa cikin bauta, ta wahala, ta same shi ya zama malami, ba ta daɗe ba ta rasu. Ta ga abin da ta fito nema, ba ta ci moriyarsa ba. Larabawan da muke zaune cikinsu kuwa tun jahiliyya mawaƙinsu da kuka a kan kufai yake buɗe ƙasida, yana tuna daɗin da aka sha a wurin. Mutanen Jidda ba sa bukatar a fassara musu wannan. Duk wanda ya tashi a Sabil ko Gulail ya koma bayan rusau na 2022 ya tsaya yana neman inda ƙofar gidansu take, ya san yadda dariyar tuna baya take haɗuwa da hawaye a maƙogwaro ɗaya.

Mu mazauna Makka ba ma ɗawafin bankwana bayan Hajji, amma muna rakiyar masu yi. Ki dubi fuskar tsohuwar da ta tara kuɗi shekara ashirin, ta sauke farali, tana fita daga Harami tana waiwaye. Ki tambaye ta murna take ko baƙin ciki, ba za ta iya raba miki su ba. Haka in alhaji ya rasu aka yi masa salla a Harami, a gida ana kuka ana cewa ya dace, kuma duka biyun gaskiya ne. Kakata da ƙafa suka taso ita da mijinta na fari, suka ratsa Chadi da Sudan suna tsayawa suna noma suna tara guzuri. A Sawakin ya rasu, ana jiran jirgin da zai ƙetare Bahar Maliya. Ita ta iso, ta yi Hajjinta, daga baya ta yi masa nasa, ta auri kakanmu. Har ta bar duniya in ta ambaci na farin sai ta ce "mutumin kirki", ta yi shiru kaɗan, ta ci gaba da abin da take yi. Da nake karanta babinki na 60 wannan shirun na ji.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gwada abin. A 2001 Larsen da McGraw da Cacioppo suka tambayi mutane yadda suke ji a ranar yau da kullum da kuma a wasu lokuta na musamman, kamar ranar da ɗalibai suke kwashe kaya daga ɗakin kwanan jami'a da ranar bikin kammala karatu. A ranakun yau da kullum kaɗan ne suka ce suna jin farin ciki da baƙin ciki a lokaci guda, a ranakun rabuwar kuwa adadin ya ƙaru sosai. Wato zuciya tana iya ɗaukar biyun tare, kuma ta fi yin haka a bakin ƙofa, lokacin da abu mai daraja yake ƙarewa.

Yanzu ga inda kika yi kuskure. A saman babin farko kin rubuta cewa za ki gyara abin da masu shirin suka ɓata. Kowa ya san me wannan yake nufi ga wanda ya bi shirin: za su koma. Alkawari kika ɗauka, mutane suka biyo ki wata huɗu a kansa. Sannan sabon mijin, wanda dukan ƙarshen ya rataya a wuyansa, bai buɗe baki ya yi magana ba sai a babi na 52. Kafin nan suna ne kawai ake ambata. Babi 51 kina tare da wanda ya ɓace, yunwarsa, ciwonsa, mafarkinsa da ita. Kin sa mun zuba duk ƙaunarmu a tulu ɗaya, kika zo babi tara na ƙarshe kika ce mu yarda cewa akwai wani tulun da ya kai a bar wancan dominsa. Ke kin san mutumin, don yana cikin kanki tun farko. Mu ba mu san shi ba. Shi ya sa abin da kika nufa ya zama ga zaƙi ga harbi ya isa ga mutane da harbin kaɗai.

Ki dubi yadda ake shan gahawa a ƙasar nan. Ba a sa mata sukari, amma ba wanda zai miƙa miki finjali babu dabino a gefe, kuma dabinon na gaske ne wanda za ki tauna. Ƙarshe irin naki haka yake. Abin da aka rasa sai ya zama babba har ya yi ciwo, abin da ya saura a hannu shi ma sai ya zama mai nauyin da za a iya aunawa. Marubuta da yawa a nan suke faɗuwa: su kashe jarumi, su sa matar ta kalli sama ta yi murmushi, su ce sun haɗa zaƙi da ɗaci. Murmushi ba dabino ba ne. Wasu kuma su ba da komai, aure da dukiya da tagwaye, sai su kashe wata tsohuwar da ba wanda ya damu da ita don a ce an taɓa zuciya. Ke kin tsallake ramukan nan biyu, dabinonki yana nan, sai dai kin ɓoye shi a ɗaki har baƙi suka gama shan gahawar.

Akwai kuma abin da ya ɗaga babin naki sama da na wasu: mutanen ne suka zaɓa. Ba mota ce ta zo ta buge wani don ki huta ba. Mijin na fari ya ga yarinyar ta riƙe gefen rigar ubanta, ya haɗiye maganar da ya taho da ita tun daga nesa. Matar ta iya kallon idonsa ta ce ta jira shi iyakar abin da aka ce ta jira. Wannan jumla tana da ƙasa a ƙarƙashinta, sai dai kin wuce ta da gudu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan masu karatunki suka tashi a kanta, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara, a yanka mata shekara 4 ana nema, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10, daga nan ta halatta ga wani. In ta yi auren har ta tare, na farin ba shi da hanya a kanta ko ya dawo. Da kin ba shekarun nan huɗu babi biyar ko shida, mu ga tana zuwa tashar jiragen ruwa tana tambaya, mu ga ranar da ta fara takaba ba gawa ba kabari, mu ga yadda danginsa da kansu suka ce ta yi aure, da mai Allah ya isa ta rasa wanda za ta kama da laifi. Hukuncin da take nema a ƙarshen labari da ta same shi: ba wanda ya ci amana, kuma haƙurin matar an biya shi, ko da ba da kuɗin da aka zata ba.

Dalilin da ya sa babi ɗaya ya iya shafe daɗin 59 a zuciyar mutane shi ma sananne ne. A 1993 Daniel Kahneman da abokan aikinsa suka sa mutane tsoma hannu a ruwa mai sanyin digiri 14 na daƙiƙa 60. A wani zagayen aka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za a maimaita, mafi yawa suka zaɓi mai tsawon, alhali ya fi yawan wahala, don kawai ƙarshensa ya fi sauƙi. Tunanin mutum wurin da abu ya fi tsanani da wurin da ya ƙare yake riƙewa. Wannan ya shafi tsarin babin naki kai tsaye. Layinki na ƙarshe bayansa ne yana tafiya a lungu. Ki gwada barin sa ya tafi, sannan ki ba mu rabin shafi a cikin gidan, ko da zuba abinci ne, ko sabon mijin ya fita ya ba ta wuri ta yi kukanta ba tare da ya tambaye ta komai ba. Ba ki canza abin da ya faru ba, ruwan kawai kika ɗumama da digiri ɗaya. Wannan kaɗai na yarda ki ƙara a ƙarshen, kuma babi na 61 za ki kira shi.

Sai maganar gargaɗi. Masu wannan rubutu a wasu harsuna sun daɗe da cin wannan rigima har suka yi mata tsari. Bayan shafukan intanet na ɗora labarai irin su FanFiction.net da aka buɗe a 1998 da Wattpad a 2006, masu sha'awar da kansu suka kafa taskar Archive of Our Own, ta buɗe ga jama'a a 2009, har ta ci kyautar adabi ta Hugo a 2019. A can ba a sa labari sai marubuci ya cike gurbin gargaɗi: ko ya faɗa in akwai mutuwar babban jarumi da makamantanta, ko ya ce babu, ko ya bayyana cewa ya zaɓi ya yi shiru, wanda ya shiga ya shiga da saninsa. Bayan wannan marubuta suna ƙara alamomi na ganin dama, wannan akwai wahala amma ƙarshensa daɗi, wannan ƙarshensa gauraye ne, wannan ciwo ne babu lallashi. Na san abin da za ki ce, ai an tona asirin labarin. A 2011 Leavitt da Christenfeld na jami'ar Kalifoniya a San Diyego suka ba mutane gajerun labarai 12, wasu an gaya musu ƙarshen tun kafin su fara, kuma ba su ga sanin ya rage daɗin karatun ba, sau da yawa ma ƙarawa ya yi. Wasu binciken da suka biyo baya sun sami akasin haka, don haka ba zan ce miki ƙa'ida ce ba. Amma a labarin ɗori ni ina bayan gargaɗi ɗari bisa ɗari. Layi ɗaya ya isa: "Labarin nan ba ya ƙarewa yadda kuke fata, amma ba ya ƙarewa cikin duhu." Wadda ba ta da ƙarfin ɗauka a daren nan ta ajiye sai wani lokaci. Wadda ta shiga kuwa za ta karanta kowane babi da wani ido, kuma na lura irin wannan karatu ya fi zurfi.

Ban manta da ke ba. Marubutan da na yi aiki da su, kusan duk wanda ya rubuta irin wannan ƙarshe abu ɗaya yake ce mini: na gwada ɗayan, ya ƙi zama. In ka zauna da mutane wata huɗu a kanka sukan yi nauyi, har su kai inda ba za ka iya tura su ba. Don ki mayar da matar nan ga na fari sai kin kashe uban yarinya ko kin mayar da shi mugu dare ɗaya, kuma hannunki ya san wannan ƙarya ce. Na yarda da wannan ji. Wanda ban yarda da shi ba shi ne na marubucin da yake zaɓar ɗaci don a ce ya iya, ko don ya gaji yana neman hanyar fita. Ana gane su, don ɗacinsu ba ya da saiwa a babukan baya. Kuma na san akwai wani ciwon da ba ki faɗa ba. Kyauta kika yi rubutun nan, ba ki karɓi ko riyal ɗaya ba, kika hana idonki barci, ranar da ya kamata a ce sannu aka zo da zagi, a daidai lokacin da ke ma kike kewar mutanen da kika rabu da su. Wannan yana da zafi, kuma Allah ya isa a kan ƙagaggen labari wuce iyaka ne. In za ki amsa mata, ki ce kin ji, kin kuma gane alkawarin da ta ga an saɓa. Kada ki ba da haƙuri a kan ƙarshen kansa.

Wasu za su ba ki shawara ki rubuta ƙarshe biyu kowa ya ɗauki nasa. Ana yi, kuma a wani labarin ba laifi. A naki ban so ba, don duk wanda ya san akwai ɗaya ƙofar a buɗe ba zai ji nauyin wadda aka rufe ba, sadaukarwar mijin sai ta zama wasa. Abin da ya fi shi ne ki ce wa masu fushin ƙofa a buɗe take, duk mai so ta ɗora nata a kan naki, yadda kika ɗora a kan na masu shirin. Zan yi murna in ga wata ta fara rubutu ta wannan hanya.

Ki cire layin alkawarin nan na babin farko ki sa gargaɗin a gurbinsa. Ki shigo da sabon mijin tun wajen babi na 15, tun ba shi da wata niyya, mu gan shi yana wani alherin da ba ruwansa da ita. Ki rage babukan wahalar wanda ya ɓace, akwai wajen bakwai da suke maimaita juna, ki ba matar gurbinsu da shekarunta huɗu da takabarta. In kin gama daga 15 zuwa 25 ki turo mini, ina so in ga ranar da ta fara jin muryarsa ba ta ji haushi ba.